Wutsiyar Ragon Surukina

Abubuwa da yawa na shekarun nan sun ɓace mini, amma tara ga watan Muharram, jim kaɗan bayan sallar magariba, a zauren Malam Inuwa da ke Darki, wannan kam ba zan taɓa mantawa da shi ba. Mu huɗu ne a zauren: Malam Inuwa, mahaifin Hajara, yarinyar da nake nema, ƙanensa Baba Sani, wanda shi ne waliyyinta, abokina Sule, sai ni. Mako mai zuwa ne za a sa mana rana.

Lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Wudil. Shekarun kuɗin mai ne, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, kuma ko makaho ya shigo garin zai ji alamar haka. Malamin da jiya yake tura tsohon keke, yau ga shi bisa sabon babur da rediyo rataye a kafaɗa. Ranar Juma'a manyan motoci kan jeru a kara suna lodin shanu zuwa kudu, dillalai suna ta tafa hannu. Da yamma mukan sayo soyayyen kifi daga bakin kogi, mu zo mu baje a shagon Ɗanladi tela, muna tsara yadda ƙasa za ta zama. Babu wanda ya kai shekara talatin a cikinmu, kuma babu abin da muke ganin ya fi ƙarfinmu.

A wannan shekarar, sabuwar shekarar Musulunci da ta Turawa kusan tare suka shigo, don haka hirar shago ta koma kan abin da kowa ya ƙudurta. Sule ya ce zai rufe wa mahaifiyarsa ɗaki da kwano. Ɗanladi ya ce keken ɗinki na biyu. Wani ya ce mota, ko da ta hannu ce. Ni kuwa sai na gyara zama na shaida musu cewa duk wannan sayayya ce, ba niyya ba. Niyya, in ji ni, ana gina ta a kan halin da mutum ya fi darajawa, sannan ya bi ta da aiki. Suka tambaye ni nawa halin. Na ce gaskiya. Daga ɗaya ga wata ba zan sake yin ƙarya ba, babba ko ƙarama, har da irin wadda ake yi don kara. (A nan ne ya kamata wani ya tsayar da ni. Babu wanda ya yi, kifi suke ci.)

Ba don burga kawai na faɗa ba, ko da yake akwai ta a ciki. Na lura tun da abin hannu ya ɗan samu, bakina ya saba da "ina nan tafe" da "sai gobe" waɗanda ban nufa ba, kuma abin yana damuna. Har yau ina ganin niyyar mai kyau ce. Mai ɗauke da ita ne bai san girman kayan ba.

Kwanakin farko sun tafi da 'yan raunuka. Hedimasta ya yi mini ina gajiya, na tsaya na yi masa bayanin ciwon bayan da babur ya sa mini, har aka kaɗa ƙararrawa. Ɗanladi ya tambaye ni yadda na ga sabon kaftanin da ya ɗinka mini, na ce hannun dama ya fi na hagu tsawo. Mahaifiyata ta tambayi miya, na ce daddawa ta yi yawa. Washegari tuwona ya zo babu man shanu. Da na ba Hajara labarin niyyar, dariya ta yi, ta miƙo hannu ta ce in faɗi gaskiya game da lallenta. Allah ya taimake ni ya yi kyau.

Ranar tara ga wata ina azumin Tasu'a. Muka shirya da Sule mu je Darki bayan la'asar, mu gaida iyaye, mu juyo kafin a sha ruwa, kowa ya yi cika-cikinsa a gidansu. Mun yi rabin hanya tayar baya ta sace. Muka tura babur muna neman mai faci, ga wando mai faɗin ƙafa irin na zamanin yana sharar hanya. Kafin a gama, rana ta yi ja. Muna shiga Darki ana kiran magariba. Ruwan buta na kurɓa a ƙofar masallaci, muka yi salla, muka bi Malam Inuwa da Baba Sani zuwa zaure.

Dole in ce wani abu game da Baba Sani. Manomi ne, dillalin shanu kuma, mutum mai ƙarancin magana. Tun farko bai ɓoye ba cewa shakkarsa ɗaya game da 'yan boko, wato rashin kunya. Wata da watanni na yi ina tsugunawa har ƙasa, ina sunkuyar da kai, ina cire takalmi tun daga nesa, kafin ya fara amsa gaisuwata da fiye da kalma biyu. Maganar sa rana a bakinsa take.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida da aiki da sanyi. Sai aka miƙo abinci daga cikin gida: akushi na tuwon dawa, miyar kuka man shanu yana yawo a kai, da wani ƙaramin kwano an rufe da faifai. Kowa ya san yadda wannan ke tafiya. Ana kawo wa suruki abinci, maigida ya ce bismilla, suruki ya ce alhamdu lillahi, abokinsa ya taɓa loma biyu don kada a ce an raina, a mayar da kwanuka. Na sha yin haka a zauren nan ba tare da kuskure ba.

"Malam, ka samu ka sha ruwa kuwa?" in ji Malam Inuwa.

"Na sha a masallaci, Baba."

"Ruwa kawai? Ashe da yunwa ke nan."

Ba tambaya ba ce. Hanya ya buɗe mini in ce a'a, alhamdu lillahi. Sule ma har ya soma faɗa a madadina. Sai na ji muryata, a natse kamar mai karanta sanarwa, tana cewa, "Gaskiya, Baba, da yunwa. Tun sahur ban sa komai a cikina ba, ga shi mun tura babur."

Carbin Baba Sani ya tsaya. Malam Inuwa ya dube ni, ya dubi ƙanensa, sannan ya turo akushin da yatsa biyu ya ce, "To, bismilla."

Ko a nan da sauran mafita. Na faɗi gaskiya, babu wanda ya ce sai na ci. Amma sai na yi wani lissafi irin na malamin makaranta: wanda ya ce yana jin yunwa, aka ba shi abinci ya janye hannu kamar ba ya so, ai ya yi ƙarya da hannu. (Yanzu na san ba ni na yi wannan lissafin ba, cikina ne.) Na wanke hannu.

Dattawan nan biyu suka juya fuskokinsu wajen ƙofa, suka shiga maganar tsadar shanu da wata irin himma, don su ba ni sutura. Kunyar da ya kamata in ji, su suka ji mini ita. Sule ya yi lomarsa biyu ya tsame hannu, ya ɗora ƙafarsa a kan babban yatsana ya danna. Na gane abin da yake nufi sarai. Amma tuwon da zafinsa, miyar kuma ba ni da abin da zan soka a cikinta ko da an tambaye ni.

Da na yi nisa sai na ɗaga faifan ƙaramin kwanon. Nama ne baƙi-baƙi, ya dahu luguf, yana ƙanshin hayaƙi. Na gane wutsiyar ragon Layya ce, wadda ake ajiyewa don daren cika-ciki. Abin da ban sani ba shi ne tsarin gidan. A gidanmu yayyanka ta ake yi a cikin miya kowa ya samu, don haka ban ɗauke ta wani abu na musamman ba. A gidan Malam Inuwa kuwa ɗungurungum ake dafa ta, kuma rabon maigida ce shi kaɗai, tun zamanin mahaifinsa. Mahaifiyar Hajara ta haɗo ta da abincin baƙi ne don girmamawa, da sanin cewa suruki ba ya ci, kwanon zai dawo yadda ya fita. Na cinye ta. Na jera ƙasusuwan a gefe guda, na mayar da faifai na rufe, saboda ni mutum ne mai tsari.

Ina wanke hannu sai ga Iya, kakar Hajara, mahaifiyar dattawan nan, ta dogaro sandarta ta shigo. Wasan jika take yi da ni tun ranar da na fara zuwa gidan.

"Ina mijin nawa? Sabuwar shekara ta shigo ko ɗan goro babu, sai ƙarar babur. Bari in mayar wa Inuwa kwanonsa, tun da kun gama kallonsa."

Ta ɗauki kwanon, ta ji nauyinsa bai yi mata ba, ta ɗaga faifai. Ta daɗe tana duban ƙasusuwan.

"Inuwa, kai ka ci?"

"A'a, Iya."

Ta dubi Baba Sani, ya girgiza kai. Ta juya wajen Sule. Shi kuwa, Allah ya saka masa, ya gyara murya ya ce shi ne, a yi masa afuwa, santi ne ya ɗebe shi. Wannan magana da ta gyara komai. Abokin ango an san shi da zari, dariya za a yi a wuce. Dattawan da suka juya baya za su iya cewa ba su ga komai ba, kuma na ga alamar Malam Inuwa ya shirya yin hakan. Abin da ake bukata daga gare ni kawai in rufe bakina.

"Ba shi ba ne, Iya," na ce. "Ni ne."

Iya ta nemi bango ta jingina, sannan ta zame ta zauna, tana dariya har da hawaye. "Wata guda ana korar mage da ɓera daga wutsiyar nan," in ji ta, da muryar da ta isa har madafa, "ashe mai babur ake yi wa gadi." Daga cikin gida na ji murfin tukunya ya faɗi, sai kuma takun gudu. Daga baya na ji Hajara ce ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Baba Sani bai dube ni ba. Ya juya ya tambayi Sule, a hankali, ko lafiyata ƙalau. Sule ya yi masa bayanin niyyar sabuwar shekara iyakar iyawarsa, har yana ƙara mata kwalliyar da ni ban yi mata ba. Baba Sani ya saurara har ƙarshe, ya ja carbi ɗaya.

"Wato bana gaskiya ya ɗauka," ya ce. "Kunya fa, sai baɗi?"

Malam Inuwa ya ce Allah ya sa ya zama lafiya a jiki, ya sallame mu. A wannan shekarar da sauran tuwon da na rage ya yi cika-ciki. Sule ne ya tuƙa mu har muka shigo Wudil. Da muka sauka ya tambaya ko dai na ƙoshi. Na ce na ƙoshi, kuma gaskiya ce.

Kwana biyu bayan haka Baba Sani ya aika wa mahaifina cewa a dakata da maganar sa rana, yana so ya ƙara duba yaron. Mahaifina ya kira ni ya tambayi abin da ya faru, na faɗa masa duka, har da jera ƙasusuwa. Ya ce in tashi in ba shi wuri. A shagon Ɗanladi kuwa, duk wanda ya sayo kifi sai ya cire jelar ya ajiye a gabana. Hajara ta ƙi fitowa zance har watan ya ƙare, don ƙawayenta sun sa mata suna matar mai wutsiya. Ranar da ta fito, ban gama kare kaina ba ta katse ni.

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba, Malam. Shiru fa, shi ma ƙarya ne?"

A karon farko a shekarar na yi shirun.

Iya ce ta tsaya mini. An ce ta zaunar da Baba Sani ta shaida masa cewa yaron ba shi da wayo, wannan ba musu, amma wanda ya ƙi bari abokinsa ya ɗauki kunyarsa ba zai ɓoye wa jikarta komai ba. Baba Sani ya ce ya ji, amma zai ga yadda damina za ta yi da hankalina.

Har yanzu duk Muharram nakan zauna in zaɓi hali guda in ƙudurta shi, ban daina ba. Sai dai na koyi cewa halayen kirki tare suke zama a gida ɗaya, in ka ɗauko ɗaya ka bar 'yan'uwansa zai kai ka inda ba ka shirya ba. Na kuma koyi cewa ba a zuwa gidan surukai da azumi a baki.

An ɗaura aurenmu da Hajara bayan an yi girbi. Daga shekarar har Malam Inuwa ya rasu, duk Layya wutsiyar ragona Darki ake kai ta, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya.