Sai Ka Biya Za Ka San Ko Za a Rushe Gidanka

Shekara talatin da biyu ina sayen jarida, ban taɓa barin teburin mai jarida da gudu ba sai ranar Litinin ɗin nan. Mutum da furfura da ciwon gwiwa, hula a hannu, ina tsallake kwata kamar an sako mini kare.

Ga abin da ya kore ni. A shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a rushe gidaje sittin a layin bayan kasuwa don a faɗaɗa titi. Layin bayan kasuwa kuwa nan ne gidana, wanda na gina da ladan randa da zarto, don ni kafinta ne. A ƙasa aka ce, "Duba jerin gidajen a shafi na biyar." Na buɗe, na juya, na karkaɗe. Jaridar shafi huɗu ce.

Na ce wa mai jarida, "Kai, ina sauran?"

Ya ce, "Baba, ita ke nan. Ta rame. Yanzu kai kawai ake sayarwa a takarda, gangar jikin tana cikin waya."

Ya nuna mini wani ɗan zane baƙi da fari a bayanta, kamar kaza ta taka tawada. Wai shi ne ƙofar shafi na biyar.

Ni ban yi boko mai nisa ba. A jikin tsohuwar jaridar da ake ƙunshe mana ƙusa na koyi haɗa baƙi, shi ya sa nake ganin girmanta. A da idan ka sayi guda, kai ka karanta, maƙwabci ya karanta, tela ya yanki samfurin wando da ita, sauran a shimfiɗa a kanta. Yau ko ƙusa goma ba za ta ƙunshe ba.

Wayata mai madannai ce, kira da tocila kaɗai ta sani. Don haka na faɗa shagon mai askin layinmu, wanda muke kira Almakashi, mai waya kamar faranti. Kafin ya haska zanen nan, shago ya cika da maƙwabta, har da wanda aka aske wa rabin kai.

Waya ta yi mana maraba, ta ce masu karatu hawa uku ne: akwai Mai Karatu, akwai Babban Mai Karatu, akwai Aminin Jarida. Muka yi karo-karo muka zama Mai Karatu. Sai ga jawabin Ranka-ya-daɗe Mai Miƙe Tituna, sakin layi takwas, inda ya bayyana cewa tausayin talaka ya hana shi cin abinci. Allah sarki. Hoton da aka sa ya nuna yana jure wa yunwar da kyau.

Telan layinmu ya ce, "Jerin fa?"

Almakashi ya ce, "Na Babban Mai Karatu ne."

Muka sake lalube aljihu muka girma. Jeri ya fito, lambobi zalla, babu suna. Ina bi da yatsa sai ga arba'in da ɗaya. Gabana ya faɗi, sannan ya tashi, sannan ya tsaya a tsakiya. Domin ƙofar gidana lamba uku gare ta. Masu ruwan famfo sun rubuta sha huɗu da shuɗin fenti. Masu kwashe shara sun rubuta arba'in da ɗaya da rawaya. Wasu da suka zo ƙirga mu da alkawarin fitilun titi sun rubuta tara da fari. Ruwa bai zo ba, shara tana nan, fitila babu, amma lamba kam mun ƙoshi. Duk layin haka yake: kowa an rushe shi da lamba ɗaya, an bar shi da biyu.

Waya ta ce kada mu damu, akwai taswira, amma ta Aminai ce kaɗai. Wanda ya shiga rijiya ba ya tsoron jiƙewa, muka ƙulla aminci na kwana uku. Taswira ta buɗe. Hoton Ranka-ya-daɗe ne tsaye gaban taswira yana nuni da sanda, hannun rigarsa ya rufe layinmu tun daga kasuwa har bakin gada.

Mai rabin aski ya ce, "Almakashi, ɗan matsar da shi mana."

Almakashi ya ce, "Wannan ko zaɓe bai matsar da shi ba, sai yatsana?"

Washegari na tafi ofishin masu miƙe tituna. Na ratsa sababbin motoci huɗu na kwamitin jajanta wa waɗanda za a rushe, na sami akawu yana kallon ƙwallo a waya. Na ce, "Ɗana, da wace lamba kuke aiki, shuɗiya, rawaya ko fara?" Bai ɗago ba ya ce an riga an sanar a jarida. Na ce jaridar ce ta turo ni. Ya ce mai fayil ɗin ya tafi taron bita kan yadda za a kusanto da gwamnati ga jama'a, sai wata mai zuwa.

Da na koma gida na tarar da maiɗakina ta ɗauko ragowar fenti daga shagona, ta ajiye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, shafe rawayar nan mu huta."

Na ce, "Ban ci amanar katakon mutum ba shekara arba'in, ba zan fara ha'inci da ƙofar gidana ba. Abin da ya kashe mu ke nan, kowa da ɗan burushinsa. Gaskiya ita ce ado."

Ta ce, "To madalla. Gaskiyar taka tana da rufin kwano? In akwai, mu kwashe kaya mu koma cikinta kafin damina."

Na ɗauke fentin na mayar shago.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga wani ma'aikaci ya shigo layi da bokitin jan fenti da burushi, shi ne mai sa wa gidaje alamar rusau. Ni kuwa na sa babbar rigata na tsaya a ƙofa, na ware hannuwa ina shan iska. Ban shafe komai ba. Tsayuwa kawai na yi, kuma ba laifina ba ne idan rawayar lamba ta zo daidai bayana.

Ya yi sallama, ya share gumi, ya dubi ƙofar tela mai lamba uku, ya dubi ta gaba. Sannan ya ce, "Don Allah bayin Allah, ko akwai mai jerin gidajen nan?"

Muka dubi juna. Tela ya ce, "Yallaɓai, mu za ka tambaya?"

Ma'aikacin ya ce takardar guda ɗaya ce, ita aka kai wa jarida. Na'urar ofis ta mutu tun bara. An ce ya duba a waya, waya ta ce sai ya biya, kuɗin biyan kuwa sai kwamiti ya zauna. Ya roƙi Almakashi aron tasa.

Almakashi ya ce, "Kash! Amincinmu na kwana uku ne, da safen nan muka ɓata."

Ma'aikacin ya ce ko za a taimaka a sabunta. Jama'a, ban taɓa ganin talauci ya sauka wa unguwa lokaci guda irin na ranar ba. Tela ya zazzago aljihunsa, zare ya faɗo. Maiɗakina ta kawo wa baƙo ruwan sanyi, ta tambayi lafiyar iyali.

Sai ya juyo gare ni. "Baba, kai dattijo ne, an ce ba ka ƙarya. Ka ga jerin. Ka tuna lambobin?"

Na ji idon maiɗakina a ƙeyata kamar ƙusa mai inci shida.

Na ce, "Na tuna, ɗana. Duka sittin ɗin suna kaina."

Ya cire burushi daga bokiti.

Na ce, "Amma wannan bayani na Aminai ne. Kai a wane hawa kake?"

Ya mayar da burushi, ya shanye ruwansa, ya ce zai kai rahoto. Muka raka shi har bakin titi, tela ma ya riƙe masa bokiti. Gidana yana nan tsaye da lambobinsa uku, kuma ban yi ƙarya ba.

Saboda haka na janye duk baƙar maganar da na faɗa wa iyayen gidanmu masu jarida. Ranku ya daɗe, aikinku yana kyau. Ku ƙara kuɗin. Ku ƙirƙiro hawa na huɗu da na biyar, ku kai jerin nan can ƙololuwa inda sai kwamiti ya zauna sau bakwai kafin ya hango shi. Kai kuma mai karatu, idan ka biya ka iso wannan layi, na gode, amma ka riƙe abinka. Kada ka tura wa mai bokiti.