Kifin Mma Mamunatu Ba Shi da Ƙasa

Jama'a, yau da safe an tsare mini kwandon kifi a tashar lori. Laifinsa kawai bai san ƙasarsu ba.

Ƙanwar mahaifiyata, Mma Mamunatu, tana sayar da wake da shinkafa a Moshi Zango, kuma duk Laraba ni ke ɗauko mata banda daga lorin bakin teku. Kafin azahar dillalan shanu ke zuwa cin abinci. In suka tarar ba kifi, rumfar Safiatu, abokiyar gasarta, suke wucewa, kuma wanda ya zauna a bencin Safiatu sau ɗaya da wuya ya dawo.

To, tun da muka karɓi mulkin kanmu bara, manyanmu, Allah ya ƙara musu sanyin fanka, ba su huta ba. An ce sun zauna da manyan ƙasashen da muke haɗa gaɓa da su, sun yi doka a riƙa kula da teku tare. Madalla! Ni da na bar makaranta a aji huɗu, na ɗauka haɗin kai sauƙi yake kawowa. Sai na tarar da sabon akawu a tasha, da tebur, da hatimi uku, kowace ƙasa da nata.

"Samari, kifin nan daga ruwan wa ya fito? Namu, ko na maƙwabtan gabas, ko na yamma?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Hatimi, ban tambaye shi ba. Ko da muka haɗu ya riga ya rasu."

Bai yi dariya ba. Na ruga na kira Mma. Ta iso da ludayi a hannu, ta ɗauki kifi ɗaya ta sunsuna.

"Akawu, rubuta. Wannan Esi ta bakin teku ce ta kyafa shi, da ɓawon kwakwa. Na ƙasan kuwa ƙanwarta ce, ita ta cika wuta. Shekara ashirin hancina bai taɓa kuskure ba."

"Maame, ba a bar wa Esi layi a takarda ba. Ruwa ake tambaya."

"Ruwan gishiri ne! Kai ka taɓa ganin tekun ma?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara alƙalami. Ashe ɗan Kwadaso ne, nan bayan gari, iyakarsa rafi. Ni ma ban taɓa gani ba, amma ni ba a ba ni tebur ba.

Rana na ɗagawa. Mma ta nuna shi da ludayi.

"Ba an ce tare suke kula da tekun ba? To buga duka ukun, kada wani babba ya ji an bar shi."

Mutumin ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa kaya. Dam, dam, dam! Har godiya ya yi mana. Muka isa rumfa daidai Wahabu dillali yana wanke hannu, idonsa na kan bencin Safiatu. Ya ga kwando, ya zauna.

Yanzu kifin Mma na da izinin ƙasa uku. Ni kuwa da raina, wata takwas nake neman takardar tafiya zuwa ƙasa ɗaya tak. Wataƙila sai an kyafa ni tukuna.