Kaka Ya Nuna Wa Duniya Makulli

"...da gajiya, amarya? Ke kaɗai ake jira, har direba ya fara neman wanda zai ba kujerarki."

"Ba gajiya, tsohon miji. Matsa in zauna, ka cika kujera kamar buhun auduga."

Ita tela ce, tsohon kuma kakanta ne, a gidansa take zaune. Za su je duba kawunta na kwana goma, ta tsaya kai ɗinkin mutane, shi kuwa ya riga ta zuwa tasha bayan ya kulle gida. Ko numfashi ba ta gama saukewa ba ta buɗe wayarta, sai ga fuskar Kaka ta cika allo.

Bidiyo ne. Ga shi a ƙofar gida yana ɗaga tukunyar fure yana cewa, "To ka gani, makullin yana ƙarƙashin ta uku daga hagu. Kwana goma za mu yi, ba kowa a ciki. Ka ba tantabaru abinci sau biyu a rana." Ta juya masa allon.

"Kaka, wannan wa ka tura wa?"

"Makaniki, maƙwabcinmu. Da da ne sai na taka har garejinsa. Yanzu na waye."

"Ka waye? A shafinka ka ɗora! Mutum tamanin da huɗu sun kalla!"

"Tamanin da huɗu?" Ya gyara hula. "Ashe ina da farin jini. Kishi kike yi."

"Kishin me? Haƙoran da suka rage maka ba su kai tukwanen furen ba. Saura ka ba ɓarayin kuɗin mota."

Bakinta kawai ke zolaya. A ɗakinta akwai yadudduka na mutum goma sha ɗaya, kuma akwai keken ɗinkin marigayiya kakarta, wanda da shi ta koyi sana'a, da shi take ci har yau. Ta fizge wayarsa ta goge bidiyon, ta kira makaniki. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba.

"Yana ƙarƙashin mota," in ji Kaka. "Mutanen shafina duk mutanen kirki ne."

"Har da wanda ya ce maka shi sarauniya ce mai neman miji?"

"Wannan don in tsorata ki ne na amsa mata."

Ta sake kira. Ta miƙe, ta zauna, ta leƙa taga. Mota ta cika, direba ya fara ɗaure kaya.

"Zauna mana, kina ta tsalle kamar an zuba miki ƙaiƙayi. Kuma ke da kike min faɗa, wa ya ɗora hoton ɗakinsa shekaranjiya? Ga keke, ga yadi har rufi, ga taga a buɗe, wai aiki ya yi albarka."

"Wannan talla ce!"

"Talla ce mai kyau. Ke kin nuna musu kaya, ni na nuna musu ƙofa. Dama ai mun dace, shi ya sa na ƙi sakinki."

Maganar ta same ta. Ta juya masa baya ta goge hoton a ɓoye, shi kuwa yana kallonta ta gilashin taga yana murmushi.

Sai a kira na shida makaniki ya ɗauka. Ta sa murya a fili.

"Makulli yana aljihuna," in ji shi. "Matata ce ta gani ta aiko a faɗa min. Amma da na isa na tarar da wasu mutum biyu a kan babur, ɗaya ya sauka yana ƙirga tukwane. Wai fure suke son saya. Da na ɗaga musu ƙarfen sifana sai suka fasa ciniki. Yau a gidan zan kwana."

Ta yi ta yi masa godiya. Da ta kashe, Kaka bai yi dariya ba. Ya kalli tafin hannunsa.

"Tantabaru a kwashe su, ba komai," ya ce a hankali. "Amma keken nan, ina jin ƙararsa daga ɗakina sai in ji kamar tana nan."

Tausayinsa ya kama ta, ta kuma san in ta bar shi a haka hawaye zai yi a gaban mutane.

"To ka yarda kai ne babban ɓarawon gidan?"

"Na yarda." Ya share ido da bakin riga, ya miƙa mata wayarsa yana dariya. "Ungo, na ba ki har mu dawo. In sarauniya ta kira, ki ce mata matata ta ƙwace."