Gadar da Na Gina da Bakina

Ba za ni taɓa mantawa ba, da ƙarar murfin tukunya abin ya fara. Ina tuƙa tuwo, waya na kunnena, ƙanwata Hajara tana gayyatata sunan ɗanta, sai ta ƙara da cewa, "Yaya, kwalta fa ta iso ƙofar gidanmu." Murfin ya kuɓuce mini, ƙwal, ya yi ta juyi a ƙasa. Na ce mata Allah ya sanya alheri. (Bakina ya faɗa, amma zuciyata sai da na yi mata istigfari sau uku.)

Mu kam, a ƙauyenmu bayan Kamarawa, damina uku ke nan da ruwa ya cinye mana gada. Ma'aikata sun zo, sun kafa ginshiƙai biyu, rodi tsaye a kai, daga nan anka ce kuɗin aikin ba su kai ba. Shi ke nan. Hanyar su Hajara, wajen Bafarawa, ita ta samu shiga kasafin kuɗi.

Don haka mata munka saba: in za ki biki, ki ɗaura tsohon zane, ki ɗora anko da takalmi a ka cikin leda, ki ratsa rafi, ki sake kaya bayan kalgo, sannan ki hau kabu-kabu. Haka na yi ran sunan, ni da 'yata Nana mai shekara shida. Na wanke ƙafa tas, na shafa mai har tana sheƙi.

Muna isa na ga kwaltar, baƙa wuluk. Mata na saukowa daga mota ba ko taɓo a dugadugansu. Na saci kallon tawa ƙafar. Muna zaune ana cin shinkafa, uwar mijin Hajara ta dube ni da tausayi ta ce, "Ɗiyata, har yanzu ninƙaya kuke yi kafin ku zo gari?"

Anka yi dariya. Ni kuwa, mai koya wa yara cewa ƙarya haram ce, na gyara mayafi na ce, "A'a Inna, ai an gama muna gada tun watan jiya. Ta ma fi ta da faɗi."

(Wannan "ta fi faɗi" ban san wanda ya aike ni ba.)

Hajara ta rungume ni don murna, abin da ya ƙara mini nauyi. Da la'asar ta ce, "To Yaya, tunda hanya ta gyaru, baban jariri shi kai ku har gida da mota. Inna ma ta daɗe tana son gaida surukarki."

Na ce kada a wahalar da shi. Na ce mai ya yi tsada. Na ce ina son iskar babur. Ba wanda ya saurare ni. Tsohuwa ta shiga gaba, ni da Nana a baya, ina ta jan carbi ko taya za ta yi faci. Ba ta yi ba.

Motar ta tsaya bakin rafi. Ga ginshiƙan nan biyu, balbela zaune bisa ɗaya. Mijin Hajara ya kashe mota, ya shiga duba sitiyari kamar ranar ya fara ganinsa. Tsohuwar ta leƙa ta taga ta ce, "Lalle ta yi faɗi, ɗiyata. Ko'ina hanya."

Na sauka, na tuɓe takalmi, na tattare sabon anko zuwa gwiwa, na shiga ruwa suna kallo. Ranar na gane in mutum za shi yi hassada, to ya yi ta kan abin da ba a iya zuwa dubawa da mota. In son samu ne ma, ya bar ta baki ɗaya.

Muna tsakiyar rafi, Nana ta ja mini hannu ta ce, "Mama, kada ki yi kuka. Ko da munka wuce da safe ma gadar ba ta nan."