Ƙararrawar da Na Aro

Shekarar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu a Kafanchan ta ce duk mai sabon rubutu ya kawo, za a ba shi zaure da 'yan wasa kyauta, ni na fara kaiwa. Lokacin ina ticha, ina ji da kaina. Labarin mace ne tana ban kwana da mijinta a tashar jirgin ƙasa.

Shugabanmu, Baba Yohanna, ya ce, "Ticha, wajen isowar jirgi a buga gwangwani, ya isa."

Gwangwani, a wasana? Na je na aro tsohuwar ƙararrawar tasha, na ɓoye ta sai ranar wasa.

Na manta rabin 'yan kallo matan da ke talla a tasha ne. Ina kaɗa ta, suka suri farantansu suka yi waje. Saratu, mai fitowa a matar, ita ma gyaɗa take sayarwa. Ta share hawaye ta bi su, ta bar mijin da akwati a ka.

Har yau in na bi ta tasha sai wata ta ce, "Ticha, jirgin naka bai iso ba? Gyaɗarmu ta huce fa."