Buhun Geron da Na Kai Tsauni

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar auren ƙanin matata a Tsauni ba. Amma kafin in kai ku can, ku san wanda ke magana. Ni ɗin nan da kuke gani, da samartakata ɗan kokowa ne. Daga Matameye har Kance ba a haifi wanda ya kai ni ƙasa ba. (Mahassada za su ce sau biyu kawai na shiga fili, kuma na biyun ruwan sama ne ya raba mu. Ku ƙyale su.)

To, wannan tsohon zance ne. Shekara da shekaru yanzu sana'ata zama. Ina da ɗan butik, wato shagon hatsi, kusa da tasha, in ɗare benci tun hantsi, la'asar na yi in koma fada, wurin hirarmu, in baje a tabarma ana zagaya shayi. Doguwar tafiyata ita ce zuwa masallaci, shi ma bango ɗaya ya raba mu. Tumbi ya yi gaba, ni ina biye. Ana nan sai ƙugu ya fara gardama. Ko buta zan ɗauka, sai na nemi izininsa.

Da abin ya ishe ni na tafi asibiti, tare da aminina Malam Isufu tela, wanda keken ɗinki ya bar masa irin ciwon. Majo, ma'aikacin lafiyar da ke duba mutane a wurin, ya latsa nan, ya latsa can, ya ce ƙashinmu lafiya lau, naman baya ne ya yi barci saboda zama. Ni na riga na zuge hannun riga ina jiran allura. Ina! Bawan Allah tabarma ya shimfiɗa. Wai mu kwanta rigingine, mu lanƙwasa gwiwa, mu ɗaga ƙugu sama. Wai mu yi rarrafe, mu gantsare, sannan mu tanƙwaro baya kamar kyanwar da ta ga kare. Wai mu miƙa hannu ɗaya gaba, ƙafa ɗaya baya. Ya ce kullum za a yi, a hankali, ƙarfin kuma ba dare ɗaya yake dawowa ba, sai an ɗauki makonni. Kafin nan kar wanda ya ɗaga abu mai nauyi.

Isufu ya ɗauki magana ya riƙe. Ni kuwa na sa masa suna Kyanwar Fada, har 'yan shayi suka kama. Abin da ban faɗa musu ba shi ne ni ma ina yi, amma sai na kulle ɗaki na saki labule. Wata safiya ina tsaka da rarrafe, uwargida Hadiza ta leƙo ta taga ta tambaye ni ko wani abu ne ya faɗa ƙarƙashin gado, ta kawo tsintsiya. Na ce mata horon 'yan kokowa ne, mata ba sa ganewa.

Kwana kaɗan ciwo ya lafa, ni kuma na naɗe tabarma na ce an gama. A fada na ba da labari cewa majo da kansa ya ce bai taɓa latsa baya irin nawa ba. (Ya faɗa ɗin. Sai dai ba yabo yake nufi ba.)

Da biki ya zo na sa aka ɗora buhun gero a kan taksi a matsayin gudummawa, Isufu ya raka ni. Surukina, wanda nake kira Baba, ya aiko tun da wuri cewa ni zan gabatar da goro wurin ɗaurin aure. Wannan ba ƙaramar girmamawa ba ce, don haka na sha babbar riga da ta sha sitati, kana jin motsina daga nesa.

Muna sauka a ƙofar gida samari suka taso za su sauke buhu. Sai wani tsohon abokin wasana ya ɗaga murya yana gaya wa jama'a cewa ga ɗan kokowar Matameye ya iso. Shi ke nan, kai ya kumbura. Na kore samari da hannu, na naɗe hannun riga. Isufu ya ja ni ta baya yana tuna mini maganar majo, na ce kyanwa ta matsa gefe, zaki zai yi aiki.

Na sungumi buhu. Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, har sai da na ga taurari da rana tsaka. Amma idon jama'a magani ne. Na cije, na taka zuwa bakin zaure, na dire shi ina murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

Daga nan kun san al'ada. Suruki na zaune, ba ka gaishe shi a tsaye. Na cire takalmi na tsuguna gaban Baba. Shi kuwa dattijo ne mai gaisuwa da tsawo: ya iyali, ya kasuwa, ya ruwa, ya mutanen tasha, ya wancan maƙwabcin naka mai tari. Kafin ya sallame ni, ƙugu ya daskare kamar siminti.

Aka ce a tashi a tafi gidan amarya. Kowa ya miƙe. Ni ina nan. Baba ya ce in tashi mana, na ce to, ban motsa ba. Ya juya ga dattawa yana yabona, wai a zamanin nan samun suruki mai ladabi irina sai an tona. Aka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa gumi har cikin kunne.

Isufu ya sunkuyo ya raɗa mini: “Ba ka da mafita sai ta majo. Sauke hannu ƙasa.”

Jama'a, na sauke. Ni da babbar rigata, a tsakiyar zauren surukai, hannu biyu gwiwa biyu. Na gantsare, na tanƙwaro, na sake gantsarewa. Ƙarar sitati ta cika zaure. Wani dattijo ya fara addu'a a hankali, yana zaton iska ce ta hau ni. Daidai lokacin nan surukata Inna ta shigo da ƙwaryar fura. Matar nan tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kallon fuskata ba saboda kunya. Ran nan ma ba fuskar ta gani ba.

Ƙarshe Isufu ne ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni cak, kamar ya ɗauki bandir ɗin yadi. Kyanwar Fada ke nan, bayan wata biyu na rarrafen da nake masa dariya. Shi ya gabatar da goro. Ni aka shimfiɗa mini tabarma bayan rumbu, na ji fatiha daga nesa ina kallon sama.

Tun daga ranar na gane cewa naman baya ba ya jin kirari, kuma bai san tarihi ba, abin da ka ba shi jiya da yau kawai ya sani. Yanzu kullum da safe ina rarrafena a tsakar gida, ƙofa a buɗe, wanda zai kalla ya kalla. Buta kuma na daina neman izini kafin in ɗauke ta.

Amma abin da ya fi ƙas ɗin nan zafi shi ne sallama. Da yamma ana cusa ni a taksi, Inna ta fito rakiya. Ba ta yi mini magana ba, don ba a yi. Ta dubi Hadiza, ta ce da murya yadda duk motar za ta ji:

“Ki ce wa maigidanki mun gode da gero, Allah ya ƙara buɗi. Amma in zai sake kawowa, ya aiko a kira ni in sauke. Na shigar da shi ciki ɗazu, ashe ma bai cika ba.”