Akwatin da Na Ƙera wa Rawutar Coci

Ko na manta ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da Lahadin bikin godiyar girbi na cocinmu a Kafanchan ba.

Shekara ashirin ina riƙe da duk abin da ke da waya a cocin nan: lasifika, janareto, fanka. A aji uku na sakandare na tsaya, amma Injiniya ake kirana (ban taɓa ce wa kowa ya daina ba). Sai kwamiti suka sayo rawuta, wai don kwamfutar ofis ta riƙa aika waƙoƙi zuwa majigin da ke haska bango ba tare da an ja waya ba. Dattijo Yohanna ya ce a ba 'yarsa Talatu aikin, tunda kwamfuta ta karanta. Na gane zancen. Yau rawuta, gobe lasifika, jibi a ce Baba ka huta.

Na ce wa Talatu, "Ni na haɗa wayar cocin nan tun ba a yi miki baftisma ba."

Ta ce, "To Baba, abu biyu kawai. Ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita, kuma ka sa ta sama, a fili."

Na farkon na yi. Na sa kalma mai tsawo da lambobi, na gwada a kan tebur, waƙa ta fito a bango tas. Na biyun ne na ƙi. A fili? A cocin da aka sace mana amfilifaya har sau biyu? Ɓarawo ba ya tambayar kalmar sirri. Na je wurin mai walda, ya yanka min ƙarfen tsohon get, ya haɗa akwati mai kauri, ko kiyashi ba zai shiga ba sai ta ramin wayar wuta. Na kafa shi a bango kusa da bagade, na saka rawutar ciki, na sa kwaɗo biyu. Ban sake gwadawa ba. Me zan gwada?

Ranar Lahadi coci ya cika, ga baƙi daga Kagoma da Madakiya, ga doya da citta a jibge a gaba. Fasto ya ce a tashi a yi waƙar farko. Bango fari fat. Ya kalle ni, na kalli majigi, na ɗan bubbuge shi (wannan ita ce rabin sana'ata).

Talatu ta matso. "Baba, ina rawutar?"

Na nuna mata akwatin, har da ɗaga kai.

"Ciki? Ƙarfe ne fa. Sabis ba ya ratsa ƙarfe. Buɗe mu gani."

Na buɗe. Waƙa ta bayyana a bango. Na saki ƙofar, ta koma ta rufe da kanta, don mai walda ya kafa ta a karkace. Waƙa ta ɓace. Na sake buɗewa, ta dawo. Jama'a duka suna kallo.

Shugabar zumuntar mata ta ce da ƙarfi, "Injiniya, ka binne ta da rai ne? Riƙe ƙofa mana, mu yi waƙa!"

Na riƙe. Babu wanda ya kawo dutse ko sanda a tokare, kuma na tabbata da gangan ne. Waƙa bakwai, karatun Littafi, sanarwa, ina tsaye gefen bagade cikin sabuwar shaddata, hannu a sama. Da hannun ya gaji na ɗan sauke, sai baiti ya ɓace, mawaƙa su juyo gaba ɗaya.

Bayan sujada wani baƙo ya sha hannu da ni, ya ce, "Sannu da aiki, maigadi."

Kwamiti ba su yi dogon zama ba. Rawuta da majigi da lasifika duk suna hannun Talatu yanzu. Ni an bar min janareto da makullai. Akwatin yana nan, kofunan Jibin Ubangiji ake ajiyewa ciki, kuma har yau ko ɗaya bai ɓata ba.

Abin da na koya kaɗan ne: in yarinya ta ce maka abu biyu, kada ka zaɓi ɗaya. In kuma ka zaɓa, ka zo coci da dutse a aljihu.